Maganin kansa na nano: kafin ku sayar da filin nan

Tambaya daga Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum. Yayata aka gano tana da kansar nono wata uku da suka wuce. Likitoci sun ce a yi mata kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, sau shida kafin tiyata. Ta yi biyu, gashinta ya zube, abinci ba ya shiga, ta ce ita dai ta gaji. Sai ɗan wanmu da ke Jamus ya turo bidiyo ta WhatsApp na wani sabon magani na nano, wai ƙurar zinariya ake sa wa mutum a jini, ta je ta ƙone kansar ita kaɗai, babu amai babu zubar gashi. Akwai wani a nan Kumasi da ya ce zai haɗa mu da asibitin waje da ke yin sa a kan dala 15,000. Muna da fili a hanyar Ejisu. Mu sayar?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba yaya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma masu jinya Allah ya ba ku lada. Bari in ba ka amsar a dunƙule tun yanzu, don na san ranar kemo na uku ta matso: kada ku sayar da filin, kada ku tura wa mutumin nan ko sidi ɗaya ta momo, kuma kada yaya ta tsallake ranarta. Abin da zai biyo baya dalilai ne, domin na san ba kai kaɗai za ka yanke hukunci ba. Akwai zaman gida, kuma a zaman gida wanda ya zo da bidiyo ya fi wanda ya zo da baki kawai samun masu saurare.

Ni aikina harhaɗa magungunan kansa ne, shekara goma sha huɗu ke nan a nan Kumasi. Jan ruwan nan da ake ɗaura wa masu kansar nono, wanda ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, da hannuna nake auna shi. Ban ga fayil ɗin yaya ba, saboda haka maganar matakin ciwonta ta likitanta ce. Maganar nano kuwa tawa ce, don wasu daga cikin magungunan sun bi ta hannuna.

Nano ma'auni ne, kamar olonka, gwangwanin awon hatsi, a kasuwar Kejetia. Ka ɗauki milimita ɗaya ka raba ta gida miliyan ɗaya, kowane gida shi ne nanomita. Silin gashi ɗaya kaurinsa ya kai kusan nanomita 80,000. To idan wani ya ce maka maganinsa na nano ne, daidai yake da mai ce maka hajarsa ta olonka ce. Olonkan me? Gero ko yashi? Kalmar ta faɗa maka girman abu ne kawai, ba ta faɗa maka abin da ke ciki ba, balle ta ce yana warkarwa.

Kuma magungunan kansa na nano na gaske akwai su, sun ma tsufa. Na farkonsu, Doxil, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1995. Ka san mene ne a cikinsa? Jan ruwan nan ne dai, doxorubicin, aka naɗe shi a cikin 'yan ƙwayoyin kitse masu girman kusan nanomita 100. Amfanin naɗin shi ne maganin ba ya taɓa zuciya kamar yadda tsohon ke yi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai raunin zuciya. Sai dai ya zo da nasa: tafin hannu da tafin ƙafa su yi ja, su yi zafi, wani lokaci su saɓule, baki kuma ya yi gyambo. Da aka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da tsohon a kan mata masu kansar nono da ta bazu, bai fi shi kashe kansa ba. Na biyu da ya yi suna, Abraxane, ya fito a 2005. Shi ma tsohon kemo ne, paclitaxel, aka haɗa da furotin na jini don a rabu da wani mai da ake narkar da shi a ciki, wanda ke tayar wa wasu da borin jini. Mai shan Abraxane gashinta na zubewa, yatsunta na yin sanyi da zogi kamar kowa. A kansar pankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, da aka ƙara shi a kan maganin da ake da shi, matsakaicin rayuwar marasa lafiya ya tashi daga wata 6.7 zuwa wata 8.5. Wata biyu bai cika ba. Ga mai ciwon da iyalinsa wata biyu abu ne, ban raina shi ba. Amma dubi tazarar da ke tsakanin wannan da abin da bidiyon ke faɗa.

Tunanin da aka gina harkar a kansa yana da kyau a takarda. A 1986 wasu masana biyu 'yan Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari a gaggauce suke tsirowa, bangonsu duk ɓuli kamar rariya. Sai aka ce, to, mu ƙera ƙwayar da ta fi ƙarfin ratsa lafiyayyar jijiya amma za ta iya zurarewa ta ɓulin rariyar, ka ga magani zai taru a kan ciwon ya ƙyale sauran jiki. Shekara talatin ana ta rubuce-rubuce a kan haka. A 2016 wasu masu bincike a jami'ar Toronto ta Kanada suka tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka lissafa nawa ne daga abin da aka yi wa dabba allura yake isa ga ƙarin. Matsakaicin abin da suka samu kashi 0.7 ne cikin ɗari. Ka aika buhu dubu na masara, bakwai suka isa. Sauran yawanci hanta da saifa ne suka tare su a hanya, don aikinsu ke nan, tsince baƙon abu daga cikin jini. Don adalci, wasu masanan sun yi musu da wannan lissafin, suka ce ai kemo na yau da kullum ma kaɗan ne ke isa, kuma abin dubawa shi ne ko mara lafiya ya amfana. Suna da hujja. Amma ko su ba su ce ƙwayar tana tafiya kai tsaye ta sami kansa ita kaɗai ba. Wannan zancen a hoton kwamfuta na bidiyo kawai yake faruwa, inda za ka ga 'yan ƙwallaye masu sheƙi suna iyo kamar sun san adireshi.

Yanzu ga ɓera. In ka ji an ce an gano maganin kansa, tambayar farko da za ka yi ita ce: a jikin wa? Sau da yawa amsar ɓera ce, ko ma ƙwayoyin halitta a cikin faranti. Ɓeran da ake gwajin da shi galibi wanda aka haifa ba shi da garkuwar jiki ne, a dasa masa kansar mutum a ƙarƙashin fata, ta girma cikin 'yan makonni, jijiyoyinta sababbi fil, ɓulinsu a buɗe. Kansar da ke jikin mace 'yar shekara hamsin ta yi shekaru tana girma a ɓoye, ta yi tauri, ƙwayoyinta sun rarrabu iri-iri, wasu sun riga sun bi kaluluwar hammata sun yi gaba. A faranti kuwa ko ruwan wanke banɗaki ka zuba zai kashe kansa.

Akwai labarin da nake ba ɗalibai masu zuwa koyon aiki wurina. Ranar Lahadi 3 ga Mayu, 1998, jaridar New York Times ta buga a shafinta na farko cewa wani likita a Boston, Judah Folkman, ya samo sinadarai biyu, angiostatin da endostatin, masu toshe wa kansa hanyar jini, kuma sun share ƙari a jikin ɓeraye. Aka ruwaito James Watson, mai lambar Nobel, yana cewa Folkman zai gama da kansa cikin shekara biyu, ko da yake daga baya ya ce ba haka ya faɗa ba. Washegari hannun jarin ƙaramin kamfanin da ke da haƙƙin sinadaran ya tashi daga kusan dala 12 ya haura 80. Marasa lafiya suka cika wayoyin asibitoci da kira, wasu na roƙo suna kuka. Shi Folkman, mutumin kirki, abin da ya riƙa faɗa shi ne: idan kana da kansa kuma kai ɓera ne, za mu iya kula da kai sosai. Da aka kai ga mutane, sinadaran ba su yi abin a zo a gani ba. Tunanin nasa bai mutu ba, ya haifi Avastin a 2004, wanda har yau ana amfani da shi a kansar hanji da wasu. Amma shi ma Avastin ɗin, an ba shi izinin gaggawa a kansar nono a 2008, aka janye izinin a 2011 da aka ga bai ƙara wa matan kwana ba, sai illa. Ka lura, babu maƙaryaci a cikin wannan labarin. Manyan masana ne, da babbar jarida, da niyya mai kyau.

Ita ƙurar zinariyar da ɗanku ya turo, na fi zaton na san kakanta. Wani Ba'amurke ne, John Kanzius, injiniyan gidan rediyo da talabijin da ya yi ritaya, ba likita ba. Kansar jini ta kama shi, ya sha kemo, ya ga yara ƙanana suna shan irin wahalar da yake sha, sai ya ce dole akwai wata hanya. Ya haɗa na'ura a gidansa, har da farantan da matarsa ke gasa abinci a ciki, mai aika igiyoyin rediyo. Dabarar ita ce a sa ƙurar ƙarfe ko ta zinariya a cikin ƙari, a kunna na'urar, ƙurar ta yi zafi ta dafa kansar. Wani likitan tiyata a babbar cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Houston ya ɗauki abin da muhimmanci, aka gwada a hantar zomaye, ya yi aiki. A 2008 shirin talabijin na 60 Minutes ya nuna shi, duniya ta ɗauka. Kanzius ya rasu a Fabrairun 2009, ciwon nasa ne ya yi ajalinsa. Gidauniyar da aka kafa da sunansa ta tara miliyoyin daloli, ta rufe a 2014, kuma har ranar da ta rufe ba a gwada na'urar a jikin mutum ko ɗaya ba. Guntayen wancan shirin da irinsa har yau suna yawo a waya, an sa musu sabuwar murya da sabon kiɗa, an cire kwanan wata.

Matsalar da ta kayar da shi ita ce wadda na faɗa a sama. Dafa ƙari abu ne mai sauƙi. Kai ƙurar inda kansa take, da inda ta ɓuya, shi ne aikin. Wani salo na zinariyar, wanda ya fito daga jami'ar Rice a Amurka, ya kai ga mutane: a 2019 an buga sakamakon maza 16 masu kansar furostet, gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda ba ta bazu ba, aka sa musu ƙurar a jini, sannan aka soka siririyar waya mai hasken leza daidai wurin da hoto ya nuna ciwon. Yawancinsu sun yi kyau bayan shekara guda. Maza 16, ƙaramin ciwo, wuri ɗaya, kuma irin kansar da sau da yawa ko an bar ta ana sa ido ba ta kisa da wuri. A Jamus ma wani kamfani, MagForce, ya sami izinin Turai a 2010 na sa ƙurar ƙarfe a cikin ƙarin ƙwaƙwalwa a ɗumama ta da maganaɗisu. Kamfanin ya durƙushe a 2022.

A nan nake so ka tsaya ka fahimci dalilin da ya sa aka ce yaya ta sha kemo kafin wuƙa. Dalili biyu ne. Na ɗaya a rage girman ƙarin don tiyata ta yi sauƙi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, a bi ƙwayoyin da suka riga suka tsere cikin jini, waɗanda babu hoton da zai nuna su. Kansar nono ba a nono take kisa ba, a huhu da hanta da ƙashi da ƙwaƙwalwa take kisa. Duk wata dabara ta ƙona wuri ɗaya, ko da ta yi aiki ɗari bisa ɗari, abin da za ta maye gurbinsa wuƙar likita ce, wadda muke da ita a nan. Ba za ta yi aikin kemo ba. Wahalar da yaya ke sha, ta amai da zubar gashi, alama ce ta cewa maganin yana zaga ko'ina, kuma zagawar ake nema.

Daga ɓera zuwa kantin magani hanya ce mai tsawo, galibi ta haura shekara goma. Ana fara gwadawa a kan mutane kaɗan don a san adadin da jiki zai ɗauka, sannan a kan wasu da suka fi yawa don a ga ko ƙari na motsi, sannan a raba ɗaruruwa gida biyu da ƙuri'a, rabi su sha sabon rabi su sha tsohon, a jira a ƙirga. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin dubban irin waɗannan gwaje-gwaje, suka buga a 2019 cewa cikin magungunan kansa da suka kai ga fara gwaji a jikin mutum, kashi 3.4 cikin ɗari ne kawai suka kai ga samun izini. Waɗannan fa sun riga sun warkar da ɓera. Kafin nan, a 2012, masana a kamfanin Amgen sun bayyana cewa sun ɗauki manyan bincike 53 na kansa da duniya ke tinƙaho da su, suka yi ƙoƙarin maimaita su, shida kawai suka tabbata.

Wani a zaman gida zai ce, to ai wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, me za mu rasa in mun gwada? An taɓa yin wannan lissafin a kan kansar nono ɗin nan. A shekarun 1990 aka yi yayin ba mata kemo mai ninkin ƙarfi sannan a dasa musu ɓargo. Dubun-dubatar mata a Amurka suka yi, wasu har kotu suka kai kamfanonin inshora don a biya musu. Babbar hujjar da aka dogara da ita binciken wani farfesa ne a Johannesburg, Werner Bezwoda. A 2000 aka aika masu bincike suka duba fayilolinsa, aka tarar ƙage ne, jami'arsa ta kore shi. Sauran gwaje-gwajen suka nuna hanyar ba ta ƙara kwana ba, kuma ita kanta ta kashe wasu matan. Sannan yaya ba ruwa ne ya ci ta ba. Likitan da ya tsara kemo shida da tiyata, warkewa yake nema.

Mu dawo kan mutumin dala 15,000. Idan abin da yake tallatawa gwaji ne na gaske, gwaji na gaske ba ya karɓar kuɗin maganin da ake gwadawa, masu binciken ne ke ɗaukar nauyinsa, don su ne ke neman sani. Yana da lambar rajista da kowa zai iya dubawa a intanet, a ClinicalTrials.gov ko a rajistar gwaje-gwaje ta Afirka. Yana da sharuɗɗan shiga masu tsauri, kuma likitan mara lafiya ne ke tura ta da fayil ɗinta da sakamakon tsokar da aka yanka. Ba ya bi ta hannun dillali. Idan kuwa ya ce magani ne da aka riga aka amince da shi, to ya faɗi sunansa, da hukumar da ta ba shi izini, da irin kansar da aka ba shi izini a kanta. Ka tambaye shi waɗannan a gaban mutane, ka kuma tambaye shi ko ya nemi ganin fayil ɗin yaya kafin ya yanka farashi. Wanda ya sa kuɗi bai san irin kansar ba, cinikin biri a sama yake so ku yi. A nan Gana, dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta hana tallata wa jama'a cewa wani abu na warkar da kansa, kuma ta ce duk gwajin magani a jikin mutane sai da izinin FDA, hukumar abinci da magunguna tamu. Kana da damar kai musu rahoto.

Kwalaben da ake yawo da su a zango masu rubutun nano a jiki, na azurfa da na kurkum da sauransu, waɗannan ba su ma kai matsayin ɓera ba. Kila ka tuna lokacin Ebola, watan Agustan 2014, da ministan lafiya na Najeriya ya sanar cewa za a gwada wani abu wai shi Nano Silver a kan masu cutar a Legas. Kwana kaɗan aka janye maganar, don bai cika sharuɗɗan kwamitin ɗa'ar bincike ba. Makon da ya gabaci wannan ne mutane suka kwana suna wanka da ruwan gishiri. Ruwan azurfa in aka daɗe ana sha yana rina fata ta koma toka-toka mai shuɗi, kuma ba ta komawa.

Akwai kuma zancen da ba ya ƙarewa a majalisar shayi, wai Turawa sun gano maganin sun ɓoye don su ci gaba da sayar da kemo. Ni da nake ganin farashi kullum dariya yake ba ni. Kamfanin da ya samo abin da ke aiki ba ya ɓoyewa, tsawwala masa kuɗi yake yi, kuma wannan ne zaluncin da ya kamata mu yi fushi a kai. Imatinib ya fito a 2001, ya mayar da wata kansar jini da ke kisa cikin 'yan shekaru ta zama ciwon da ake shan ƙwaya ɗaya kullum a rayu. Ba a ɓoye shi ba. A 2022 a New York an ba mutum 12 masu kansar ƙarshen hanji wani magani, dostarlimab, ƙarin ya ɓace a jikin dukansu. Labarin gaskiya ne, ya zaga WhatsApp a nan har da Hausa. Abin da masu yaɗa labarin ba su faɗa ba shi ne duka goma sha biyun an zaɓo su ne don kansarsu na da wata tawaya ta musamman da ake samu a kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu irin ciwon. Ci gaba na gaske haka yake zuwa, da sunan magani, da sunan ciwo guda, da adadin mutane, da jerin illolinsa. In ka ji an ce kowace irin kansa, kuma babu illa ko kaɗan, rufe bidiyon.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarka ba filin ba ne, lokaci ne. Wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya, ba zan faɗi unguwarta ba, ta yi kemo uku a wurinmu, ƙarin ya ragu har ita kanta ba ta jin sa sosai in ta taɓa. Ranar na huɗu na haɗa mata magani, ba ta zo ba. Muka kira, mijin ya ce sun samu wata hanya. Bayan wata takwas aka kawo ta a kwance, nonon ya fashe yana wari, ciwon ya shiga ƙashin baya. Ta riƙe hannuna ta ce, ɗana, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ban iya ce mata komai ba, don inda aka tsaya ɗin ba ya nan. Masu bincike a jami'ar Yale sun buga a 2018 abin da ya faru da mutanen da suka bar maganin asibiti suka koma wasu hanyoyi kaɗai alhali kansarsu ba ta bazu ba: haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a kansar nono kuwa ya haura sau biyar. A Gana ana samun sababbin masu kansar nono kusan 5,000 a shekara, kuma abin da ke cin yawancin waɗanda muke rasawa zuwa a makare ne da yankewa a tsakiya.

To me za ku yi a makon nan? Gajiyar yaya gaskiya ce, kada wanda ya ce mata raki take yi. Ku koma wurin likitanta kafin ranar kemo, ku faɗa masa ƙarara cewa ba ta iya cin abinci kuma tana tunanin dainawa. Mutanenmu na da kunyar likita, a tambaye su ya jiki su ce da sauƙi, alhali a gida ana kwana ana amai. Maganin amai hawa-hawa ne, akwai ondansetron da dexamethasone, akwai olanzapine mai araha da ake ƙarawa in sun gaza, kuma shan su ake yi a kan lokaci tun kafin tashin zuciyar ya zo. Ana iya gyara adadin kemon in jini ya yi ƙasa. Ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, koko mara yaji, ƙwai, kifi, romo, duk abin da ya zauna. In zazzaɓi ya kama ta tsakanin kemo da kemo, a kai ta asibiti a daren, kada a ce maleriya ce a sayo ƙwaya a kemis.

Ku tambayi likitan abu uku ku rubuta: matakin ciwon, ko yana cin sinadarin mata, wato estrogen, da ko yana da alamar HER2, wani furotin da ke sa ƙari saurin girma. In yana cin sinadarin mata, akwai tamoxifen, ƙwaya ɗaya a rana, tsohon magani mai araha da ya ceci mata fiye da duk wani nano da aka taɓa ƙerawa. In yana da HER2, akwai trastuzumab, kuma a nan ne kuɗi zai iya tasowa da gaske. Katin inshorar lafiya na ƙasa ya ƙunshi kansar nono, ku tabbata nata bai mutu ba, amma kada in yaudare ka, za ku sa hannu a aljihu: hotuna, wasu gwaje-gwajen jini, maganin da ya yanke a sito, kuɗin mota, abinci, da makonnin gasa wurin ciwon da hasken inji bayan tiyata. In filin zai tafi wata rana, a nan ya kamata ya tafi. Injin gashin akwai shi a Komfo Anokye, wato Jii, akwai shi a Korle Bu a Ankara. In zuciyarku ba ta kwanta da tsarin da aka yi mata ba, ku nemi kwafin fayil ɗin ku kai wa wani likitan kansa ya duba. Haƙƙinku ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushi.

Addu'a da sauka da sadaka ku ƙara, babu inda suka ci karo da kemo. Abin da za a jiƙa a sha ne nake roƙon ku kawo mana mu gani tukuna, don hantar da ke tace kemo ita ce za ta tace shi. Ba raina itace nake yi ba. Vincristine da muke ba yara masu kansa daga furen nan mai ruwan hoda da ake shukawa a ƙofar gida aka samo shi, wanda asalinsa Madagaska ne, paclitaxel kuma daga ɓawon bishiya. Sun bi doguwar hanyar nan ne kawai, aka san adadinsu.

Shi kuma ɗanku na Jamus, kada ku yi masa faɗa, ƙauna ce ta sa shi, da zafin yana nesa. Ku ba shi aiki. Ya karɓi sunan asibitin da sunan maganin daga wurin dillalin, ya kai wa likitan kansa a asibitin jami'a mafi kusa da shi, ya tambaya ko za su ba 'yar'uwarsu. Kuɗin da ya yi niyyar haɗawa ya riƙa turowa wata-wata don jinya. Ranar kemo na uku kuma ka raka ta da kanka, ka zo da wayar da bidiyon a ciki, ka ce a kira maka mai harhaɗa magani ku kalla tare. Ka biya kasuwa ka sayo mata ɗankwali mai taushi na auduga, don fatar kan na yin zafi a wannan lokacin. Gashin yakan fara tsirowa 'yan makonni bayan kemo na ƙarshe, wani lokaci ma ya fito da laushin da ba shi da shi a da.